Rabon Sixten

Sixten ya zuba man kwakwa a cikin gahawar, ya ƙara dunƙulen man shanu, ya yi ta juyawa har mai ya taso sama yana ƙyalli. Ya tura kofin gaban matarsa.

"Sha, Majvor. Yau za mu asibiti."

Ta leƙa kofin, ta yamutsa fuska. "Ruwan wanke-wanke ne wannan?"

"Gahawa ce."

"To ina mahaɗinta? Haka ake ba mutum gahawa gaya, ko gutsuren burodi babu? Wane irin gida ne wannan?"

Gidanta ne, a nan ta haifi 'yarsu, ita ta zaɓi labulen da take harara. Ya yanka mata dafaffen ƙwai da cuku, ya zauna ya ci irin nata, don tun da aka fara wannan tsarin abincin ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai sa abin da aka hana ta a baki ba.

Tun bazarar bara rabon da Majvor ta kira sunansa. Ciwon mantuwa ya fara da makulli da sunayen jikoki, yana tafe yana ɗiba, har wata safiya ta dube shi a bakin bayi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Daga ranar ya zama bawan Allah a gidansa. 'Yarsu Pernilla ce ta bugo daga Stockholm ta ce ta ji sashen masu mantuwa na asibitin garin iyayen nata yana gwada wani tsarin abinci da ake kira keto. Wai ƙwaƙwalwar da ta kasa amfani da sukari ƙila ta iya rayuwa da mai, don haka sai a yanke sitaci da zaƙi, a cika maiƙo. Likita ya faɗa ƙarara cewa gwaji ne, babu alkawari. Amma Sixten tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, in aka ba shi ƙa'ida, to an gama, ko wanda ya kafa ta ba zai kai shi riƙo ba. A yini ɗaya ya kwashe fulawa da sukari da shinkafa ya fitar. Har dankali, jama'a! Abu ɗaya yake so a duniya, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba: ta ɗago ta dube shi ta ce Sixten.

Abin da bai lissafa ba shi ne mutane. Majvor ce mai gasa bulle na cocinsu, naɗaɗɗen burodin nan mai kirfa, kuma ba a yin suna ko jana'iza a unguwar ba tare da farantinta ba. Bayan ta kwanta ciwo ƙawarta Gun-Britt ta ci gaba da zuwa duk Alhamis da ledar bulle a hannu. Makon da aka fara tsarin Sixten ya tare ta a bakin ƙofa ya ce ita ta shigo, leda ta tsaya a waje. Gun-Britt ta dubi ledar, ta dube shi, ta ce to, ta juya. Ba faɗa, ba ɗaga murya, mu a ƙasar nan ba ma yin haka. Kawai dai ba ta sake zuwa ba, sauran matan ma suka bi sahu. Wa zai shiga gidan mutum hannu rabbana, ya zauna gaban tebur babu abin da za a miƙa masa? Me za a yi da hannuwa?

A bas Majvor ta zauna jikin taga tana kallon dusar ƙanƙarar da aka ture gefen titi ta yi baƙi. Kujerun duk mutum ɗaya ɗaya, kowa ya sa jakarsa kusa da shi. Sixten ya gyara mata ɗankwalin wuya, ta ce ta gode, irin godiyar da ake yi wa wanda ya riƙe maka ƙofar banki. Wannan godiyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Ma'aikaciyar jinyar da ke duba su, Annelie, ta huda yatsan Majvor ta duba jini, ta yi dariya.

"Sixten, kai dai ba dama. Duk cikin masu wannan gwajin babu wanda jininsa ya nuna an bi ƙa'ida kamar nata. Ko alewa ba ta taɓa ɓacewa ta shiga gidanku ba?"

"In za a yi abu, a yi shi."

Aka hau da ita sikeli. Aka ba ta fensir ta zana agogo, ta zana da'ira mai kyau, ta tara lambobin duka a gefe guda. Aka faɗa mata kalmomi, aka ce ta maimaita, ta kawo ɗaya. Daga nan Annelie ta nuna Sixten da kan biro.

"Majvor, wannan fa wane ne?"

Majvor ta dube shi da kyau, har da karkata kai.

"Shi ke kawo ni," in ji ta. "Yana da kirki. Girkinsa ne dai sai haƙuri."

Annelie ta ja shi gefe, kusa da ƙofa, ta rage murya. "Zan faɗa maka gaskiya, don na san ba ka son kwana-kwana. Ba ta ci baya sosai ba, ba ta kuma ci gaba ba. Ko abincin ne ya riƙe ta, ko dama haka ciwon zai tafi, ba mu sani ba. Masu binciken ma ba su sani ba tukuna. Abin da na sani shi ne ta rame, kuma ramar ta fara damuna."

"In ƙara mata kirim ɗin madara a abinci?"

"Ƙara. Amma kai fa? Wa ke leƙo ku?"

"Ba ni ne marar lafiyar ba."

"Ban ce kai ne ba. Tambaya na yi."

"Pernilla tana bugowa ran Lahadi."

Annelie ta tsare shi da ido, shi kuma ya kau da kai, sai idonsa ya sauka kan matarsa. Ta cire hular ulunta ta ɗora a cinya. Tana danna ta da tushen tafin hannu, ta naɗo, ta juya, ta sake dannawa. Fuskarta ta saki, har wani ɗan lilo take yi da jiki. Ya daɗe yana ganin tana yin haka da tawul ko matashin kujera, yana ƙwacewa yana cewa za ta lalata. Yau da ya tsaya daga nesa ne ya ga abin da take yi. Kwaɓi take yi. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa wuya ya yi zafi.

Da suka sauka daga bas bai nufi gida ba, ya ja hannunta suka shiga kantin unguwa. Ya wuce wurin kifi da ƙwai inda ƙafarsa ta saba, ya tsaya gaban fulawa kamar mai shirin sata. Ya ɗauki ƙunshi ɗaya, ya ɗauki yis, da sukari, da kirfa. A ransa yana cewa kwaɓawa kawai za ta yi, ba ci ba, ai ƙa'ida ba ta hana taɓawa ba.

A layin biya, wa zai gani in ba Gun-Britt ba, da kwandonta da sandarta. Ta leƙa kwandonsa tun kafin ta dubi fuskarsa.

"A'a! Sixten, fulawa? Takardar bango za ka liƙa da ita?"

"Sannu, Gun-Britt."

"Ko likitan man shanun ne ya yi ritaya?" Ba ta jira amsa ba, ta juya ga ƙawarta, murya ta canja. "Majvor, 'yar gari. Kin ganki kuwa? Kin zama kamar tsinke."

Majvor ta yi mata murmushi mai faɗi. "Kin yi aski."

"Na yi, tun kaka." Idon Gun-Britt ya kawo ruwa, ta shiga laluben jaka kamar ta yar da wani abu.

Maganar tana bakin Sixten. Ki biyo mu, za a yi gashi. Kalma nawa ce? Amma shi ne ya tare ta a ƙofa, kuma a shekarunsa bai iya janye magana ba, bai san ta inda ake kamawa ba. Ita ma ta tsaya kamar mai jiran wani abu. Mai kanti ta ce na gaba. Gun-Britt ta biya, ta ce a gaida gida, ta fita tana dogara sanda a hankali saboda santsi.

A kicin ya jera kayan a kan tebur, ya ɗauko babban kwanon da ya ɓoye a saman kabad, ya koma gefe. Majvor ta tsaya tana kallo. Ya fara tunanin ya yi wauta. Can sai ta naɗe hannun riga.

"Madarar nan da sanyi za a zuba? Ɗumama ta. Kada ta tafasa, ka kashe min yis."

Ya ɗumama. Ta tsoma ɗan yatsa, ta gyaɗa kai. Ba ta nemi ma'auni ba, da hannu take ɗiban komai, matar da ɗazu ta kasa jera lambobin agogo. Ta kwaɓa, ta buga, ta rufe da tawul, ta ce kada wanda ya buɗe taga. Da kwaɓin ya tashi ta murza shi ya yi faɗi, ta shafe da man shanu, ta barbaɗa sukari da kirfa, ta naɗe shi dogo, ta yayyanka. Tana yi tana aikensa: miƙo wuƙa, kunna obin ɗin gashi, matsa ka tare min haske. Rabon da a aike shi a gidan nan har ya manta daɗin abin.

Sai ta gutsuri kwaɓin mai sukari ta jefa a baki.

Sixten ya buɗe baki. Wata da watanni yana auna kabeji, yana karanta bayan kowane gwangwani da tabarau, ga shi ta haɗiye a gabansa tana lumshe ido. A ransa ya ga jinin da Annelie ta yaba, ya ji muryar Pernilla ran Lahadi. Ya rufe bakinsa. Ta ƙara gutsura.

Ƙamshi ya cika gidan har cikin ɗakin kwana. Waje ya fara duhu tun ba a yi la'asar ba, kamar kullum a wannan watan. Majvor ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya, ta dafa gahawa da kanta, baƙa wuluk, ba mai ba komai. Ta jera bulle a faranti, ta nuna masa kujera.

"Zauna mana, bawan Allah. Ɗauki."

"Na gode, na ƙoshi."

"Haba, wane irin ƙoshi? Ba su yi kyau ba ne, na sani, obin ɗin nan ba ya gasa daidai."

"A'a, sun yi kyau."

"To ɗauki, kada ka ba ni kunya."

Yadda ake yi ke nan, ita ta san nata, shi ma ya san nasa. Ya ɗauka ya gatsa. Zaƙin ya daki haƙoransa, ɗumin ya sauka har ƙirji, ya ji idonsa na neman cika, ya ɗora laifin a kan zafin gahawa. Ita ba ta ci ba, tana tsaye da butar a hannu tana jira ya rage ta ƙara masa.

A gefen murhu ta ware wasu guda biyu a ƙaramin faranti, na bakin naɗin, waɗanda suka fito a karkace, sukarinsu ya tsiyaye ya ƙone a ƙasa. Da ya cinye na hannunsa ya miƙe ya kai hannu can ba tare da tunani ba. Ta buge masa hannu da tawul.

"A'a, a'a! Wannan ba na baƙi ba ne. Na Sixten ne."

Ya tsaya da hannu a sama.

"Na wa?"

"Sixten, maigidana. Ƙonannun yake so, wai sun fi ɗanɗano. Ka ji shirme." Ta rufe farantin da wani farantin. "In ya dawo bai tarar ba, ba zai ce komai ba, sai dai ya yi ta zagaya kicin yana buɗe tukwane. Mutum ne mai taurin kai, ba ya iya cewa yana son abu."

"Haka yake?"

"Ai sai ka zauna da shi." Ta leƙa taga, inda fitilun titi suka kama, wata mota ta wuce a hankali. "Ya yi latti yau. Ban san abin da ya tsare shi ba."

Ya dube ta. Ga ta nan dab da shi, da garin fulawa a gira, tana neman sa a kan titi. Ya so ya ce ga ni, Majvor, ni ne. Ya sha faɗa a baya, ya kuma san abin da ke biyowa: tsoro a idonta, da ja da baya, da kuka. Yau kuwa fuskarta a sake take, ta gasa bulle, ta ajiye wa mijinta rabonsa.

Ya jawo kujera ya ajiye mata a bakin tagar, ya jawo tasa kusa.

"Zauna ki huta," ya ce. "In ba damuwa, bari in taya ki jiransa."