Kwandon Goggo

“Conseguí,” Maman Biyu ta faɗa a hankali, goshinta a jikin gilashin bas. Mutumin da ke kusa da ita ya waiwayo, ta wayance da tari.

Kwana uku ke nan babbar ’yarta tana ɗura mata wannan kalma ta Sifaniyanci, yaren manajar kamfanin ɗinkin da uwar take aiki. Ma’anarta “na samu” ko “na cimma”, abin da ya riga ya shiga hannu. Yau ƙarfe tara za a yi mata tambayoyi kan muƙamin shugabar sashe.

“Mama, kar ki je kina sunkuyar da kai kina ‘ai ba komai’,” in ji ’yar tata jiya. “Shekara goma sha ɗaya kina kan keken ɗinki, bayanki ya ƙare. Ki buɗe baki ki ce ke kika yi.”

Jimla ɗaya suka haddace: ta samu nasarar rage rigunan da ake dawowa da su saboda karkataccen ɗinki, daga arba’in a mako zuwa uku. Ba ƙarya a ciki. Yadda aka yi ne ba ta gaya wa kowa ba, har ’yar.

Kullum tana riga kowa isowa da kusan awa guda. Yau ma haka. Ta kunna fitila ɗaya, ta jawo kwandon Goggo, dattijuwar da ke keken kusa da nata, wadda ta koya mata aikin nan tun ba ta san gaban riga da bayanta ba. Idon Goggo ya fara tafiya, ga jikoki uku tana riƙo. Maman Biyu ta bi wuyan kowace riga da yatsa. Bakwai sun karkace. Ta farke su, ta sake ɗinkewa, ta ninke ta mayar yadda ta same su. Shekara biyu ke nan tana haka, kuma tsoro take ji, don manajar ba ta barin magana a rabi.

Ai kuwa. Da ta zauna a ofis ta kawo jimlarta tiryan-tiryan, kalmar ta fita sumul, har ita kanta ta yi mamakin bakinta. Manajar ta gyaɗa kai, ta ajiye biro.

“Ta yaya?”

Maman Biyu ta dubi tafin hannunta. Da ta ambaci kwando ɗaya, shi ke nan, magana ta ƙare, aikin Goggo ma haka. Ta tattaro ɗan Sifaniyancin da take da shi, da hannu da ka, ta ce tana duba kowane ɗinki kafin ya fita.

“Na kowa?”

“Na kowa.”

Manajar ta yi murmushi ta miƙo mata hannu. Daga Litinin, in ji ta, teburin Maman Biyu yana bene, ita da takardu da waya. Ta gama da keke, kuma ba ruwanta da kwanduna, akwai sabon mai dubawa da za a kawo.

Ta sauko matakala a hankali, tana riƙe da ƙarfen gefe. Abin da ta yi shekaru tana roƙo ne ya zo, amma ta kasa murna. Ƙarar kekuna ta cika ɗakin. Goggo tana can ta kai wata riga har bakin hancinta tana neman layi.

“Yaya, ’yar nan? Kin samu?”

“Na samu, Goggo.”

“Kai, madalla! Yau ga ni da uwar ɗaki.” Ta kama hannunta ta jijjiga, tana dariya har da ƙwalla. “Wadda ta taɓa ɗinke min hannun riga a wuya, wai ita ce shugaba!”

Maman Biyu ta yi yaƙe, ta ja kujera za ta zauna. Goggo ba ta saki hannun ba. Ta rage murya.

“Sai ki riƙa barcinki da safe yanzu. Farke-farken nan ya isa haka, Allah ya biya ki.”

Goggo ta zare zaren daga allura, ta naɗe shi tsaf, ta jawo yadi ta lulluɓe kekenta. Ko ƙarfe goma bai yi ba.