Kwana Tara Babu Hoto

…to sai me idan shekarata saba'in da huɗu? Tsanin ya tambaye ni shekaruna da na taka shi? Bai tambaya ba. Ga ni a kan rufi, sandar eriya a hannuna, kwanon nan yana gasa mini tafin ƙafa ta cikin silifa, kuma ban faɗi ba. 'Yarki ce ta ce zan faɗi. Wai, "Baba, don Allah kar in sake jin ka hau sama." Ni! Ni da unguwar nan kaf take kira Mai Eriya tun ba a san za a haife ta ba… Uku da rabi yanzu. Ƙarfe biyar za ta iso da motar mijinta, ta ce za ta tafi da ke gidanta. Ba za ta tafi da ke ba. Kina ji na? Ina za ki ji ni, kina can ƙasa a falo, ni ina nan sama ni da shirwa.

Kwana tara ke nan da suka kashe tashar. Kashewa fa, kamar an hure fitila. Wata uku suna sako sanarwa tana gudu a ƙasan hoto, wai za a koma sabon tsari, kowa ya nemi akwatin dikoda. Na ce surutu ne, sau nawa suka faɗa ba su yi ba? Ranar Laraba da hantsi, mutum yana tsakiyar karanta labarai, bai ma rufe baki ba — ɗif. Sai yayyafin nan fari da baƙi, sai shuuu. Na hau, na juya, na sauka, na sake hawa. Babu komai a iskar. Shekara arba'in da ɗaya ina kamo hoto daga iskar garin nan ina sauke wa mutane a ɗakunansu, rana ɗaya wani mai kwat ya danna maɓalli ya share ta tas.

Da ni kaɗai ne, wallahi ko a jikina. Me nake kallo? Ke ce. Tun da ciwon nan ya shanye miki ɓarin dama ya tafi da maganarki, shekara biyu ke nan, abu ɗaya ya rage da ke sa ki ɗaga kai: matar nan ta ƙarfe huɗu, mai karanta saƙonnin gaisuwa. Da can zaginta kike yi, wai ɗaurin ɗankwalinta kamar daga mota aka jefo mata shi. Yanzu tana bayyana sai ki ɗaga hannun hagu ki gaishe ta, ni kuma in lallaɓo da cokali… ɗaya… biyu… har faranti ya ƙare ba ki sani ba. Dabarata ce, ba likita ne ya koya mini ba. Kwana tara babu ita, kwana tara kin datse haƙora. Jiya cokali uku. Shekaranjiya rabin kofin shayi, shi ma rabinsa a kan zanenki ya ƙare.

Shi ne Auta ta samu abin faɗa. In ta yi abin kirki 'yata ce, yau kam 'yarki ce. "Baba, Inna tana ramewa. A gidana akwai talabijin mai tasha ɗari, akwai mutane, akwai mai ɗaga ta. Kai ma ka huta." In huta? In huta in yi me, in zauna ni da kujerarki muna kallon juna? Na ce mata, ki zo ƙarfe biyar ɗin. Za ki tarar da uwarki tana kallo tana cin abinci, in kin tarar da haka sai ki juya motarki. Ta ce to.

Juya kaɗan… tsaya. Saurara.

Da ba haka muke yi ba, kin tuna? Ni a sama, ke a bakin taga. Tun ba mu da shago, tun ina goya ki a bayan keke zuwa gidajen mutane saboda babu mai ido irin naki. Matar gida ta ce ya yi, maigida ya ce ya yi, ke ki ce bai yi ba, ba ku ga hancin mutumin biyu ba ne? "Dama! Ƙara… ƙara… ka wuce, sarkin gaggawa, dawo! Tsaya nan! Kar ka numfasa!" Muryarki har layi na uku. Ana mana dariya, wai mata da miji ba sa hira sai ɗaya yana kan rufi. Gaskiya ma suka faɗa. A ɗaki ban iya magana ba, ke kin sani. Abin da duk ban faɗa miki a ƙasa ba… to, ya wuce.

Yanzu babu mai kira, sai kunne. Shi ya sa na wangale tagar falo, na murɗa muryar talabijin ɗin har ƙarshe, na ajiye kujerarki a gabansa, na tokare ki da matashi biyu. Hoto yana shigowa murya za ta biyo shi, zan ji daga nan. Na sha yi ni kaɗai in kina da zazzaɓi: shuuu ɗin zai fara laushi, sai ka ji kamar mutane suna magana a ƙarƙashin ruwa, sai ka bi su a hankali har su fito. Amma wannan ɗan akwatin dikoda… ko shuuu ba ya yi. Shuɗin allo kawai da ɗan rubutu, babu sigina. Ba ya cewa ka kusa, ba ya cewa ka yi nisa. Tsohon tsari mutum ne, ana daidaitawa da shi, ya ba ka rabin hoto ka yi haƙuri da rabin, gobe ka gyara. Mun kalli ƙwallo da 'yan wasa arba'in da huɗu a fili, kowa da inuwarsa, muka yi ihunmu muka watse lafiya. Wannan kuwa ko duka ko babu. Halin 'yan zamani sak.

Kwana uku ina wannan zagayen. Ranar da Auta ta aiko da akwatin, tare ta aiko da mai haɗawa, wani mai farar mota da riga mai tambarin kamfani, ga wata 'yar na'ura a wuya tana ƙyaf-ƙyaf. Ya ɗaga kai ya kalli eriyata — eriyar da na lanƙwasa da hannuna, sandunanta goma sha biyu, ko tsatsa babu — ya ce, "Baba, wannan ai sai gidan tarihi." Sannan ya buɗe baki wai zai yi mini bayani. Ni! Na karɓi kwalin, na nuna masa ƙofa. An ce wanzami ba ya son jarfa, to ban so ba, a rubuta. Ubansa ma, in aka bincika, ni na kafa masa eriyar da ya fara kallon duniya da ita.

Ga dogon ƙarfen tashar can bayan asibiti, inda yake tun ina saurayi. Ido rufe zan saita shi. Na saita. Shiru. Hagu da faɗin yatsa… shiru. Dama… mai gawayi yana kira a layi, injin niƙa, babur, wata tana yi wa 'ya'yanta faɗa. Komai na garin nan yana da murya yau ban da falona. To ko sun sauya ƙarfe? Ko daga wani wurin suke harbowa? Wa zai gaya maka? Sai in zagaya da eriyar gaba ɗaya, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Wajen kasuwa, tsaya, saurara. Wajen tashar mota, tsaya, saurara. Wajen tankin ruwa, bayan gari, inda babu komai sai juji — nan ma ina tsayawa, don kar a ce ban yi ba. Shiru. Wuce.

Daga nan ina ganin rufin unguwa duka. Waccan eriyar tawa ce, ta gidan direba, ta karya wuya ba wanda ya kula. Waccan ma tawa ce, gidan malamin makaranta, sun ɗaure mata igiyar shanya, ga wandon yara yana lilo a jikinta. Ɗazu mahauci ya wuce, ya ɗaga kai ya ce, "Mai Eriya, har yanzu ba a sauka ba?" Yana dariya. Shi da ya taɓa riƙe mini tsani cikin ruwan sama yana roƙona kar wasa ya wuce shi. Wai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, Auta ce ta faɗa mini, sai ka ce ita ta ƙirƙiro maganar. Wanda gwiwarsa ta ƙare fa, wace rawa zai canza? Ba wanda ya tambaye mu. Da mai kwat ɗin ya zo ya ga yadda kike buɗe baki in matar nan ta ce barkanmu da yamma… ba zai zo ba.

Huɗu da kwata. Tana can ta fara, wane yana gaida wance, wance tana gaida ƙannenta. Mu ba ma cikin masu ji.

Ranar da ciwon ya same ki ma a sama nake, gidan mai kemis, eriya biyu da wata tsohuwar waya da ɓera ya ci. Na dawo da yamma ina fito, na tarar da ke a ƙasan kicin, ludayi a hannu, ido buɗe, kina kallona kamar akwai abin da zan yi da filaya. Likita ya ce da an kawo ki da wuri… da wuri. Ban taɓa gaya wa Auta awa nawa kika yi a kwance ba. Ta sani dai. Shi ya sa in ta shigo take fara duba ƙafata, ta ga ko akwai ƙurar rufi. Na koyi wanka, na koyi juya ki kar bayanki ya yi gyambo, na koyi kitso ma, duk da kalbar tawa karkatacciya ce. Duk wannan ba a gani. Abin da ake gani shi ne kin rame.

Zagaye na shida. Kasuwa… tashar mota… rana tana dukan kaina. Rufin gidan direba ya zama biyu. Tankin ruwa… tsaya… shiru. Sifanar ɗaure noti ta suɓuce mini — ƙwal, ƙwal, ƙwal — ta gangara ta faɗa tsakar gida. Biyar saura kwata.

Shi ke nan. Na bar eriyar inda take, fuskarta wajen juji, daidai da ita. Bari in sauka in wanke miki fuska, in sauya miki ɗankwali, kar ta zo ta ce ko wannan ba na yi. In roƙe ta. Na iya roƙo kuwa? Ban taɓa gwadawa ba. Auta, ƙara mini kwana biyu… Auta, kira mini mai farar motar… a'a, wannan ba zai fito daga bakina ba. Taka ɗaya… biyu… tsanin nan ya ƙara tsawo. Gwiwa, riƙe ni, saura huɗu.

Haske a bangon falo. Ba shuɗi ba ne.

Ga ta. Matar ƙarfe huɗu, tangaran, har zaren ɗankwalinta ana gani, har wani ɗan tabo a gefen hancinta da shekara goma ban san tana da shi ba. Ban taɓa fitar da hoto irin wannan ba. Ban taɓa ba, ko sau ɗaya. Bakinta yana motsi… babu murya. Na taɓa maɓallin murya, a ƙarshe yake, ni na murɗa shi. To me… Wayar akwatin. Kai uku gare ta, rawaya, fari, ja. Ranar da na haɗa, na soka rawaya, rubutu ya fito, na ce sauran ado ne, ai waya ɗaya ke ɗaukar hoto da murya tun da aka ƙera talabijin. Ga su nan a baya suna reto, fari da ja. Su ne muryar. Abin da mai farar motar ya buɗe baki zai faɗa ke nan.

Ke, kin ga — kujerar babu kowa. Matashi ɗaya a ƙasa.

Innalillahi… ga ki a ƙarƙashin taga. Da hannu ɗaya kika jawo jikin nan har nan? Gwiwar hannunki ta goge tana jini, gefen labule a damƙe a yatsunki, bakinki a buɗe, maƙogwaronki yana wani ɗan sauti, ya dushe. Sau shida yau. Jiya fa? Shekaranjiya? Duk sanda na tsaya wajen tankin ruwa hoto yana zuwa miki, ki ɗaga hannu, ni kuma in ce shiru, wuce, in ɗauke miki shi da hannuna. Kwana uku kina kira, ni ina sama ina zagin mai kwat.

Taso… sa hannunki a wuyana… yauwa… a'a. Bayana ya ƙi. Sake gwadawa, ɗaya, biyu… kin rame, kowa ya ce kin rame, to me ya sa ba ki ɗaguwa? Kar ki kalle ni haka. Kalli matar, ga ta can, ai ita kike so, me kike kallo a fuskata?

Hon ɗin mota. Sau biyu, irin na mijinta. Ba su ma bari biyar ta cika ba.

In miƙa hannu in soka wayoyin? Daƙiƙa ɗaya ce. Za ta shigo ta ji murya, ta ga hoto, kamar yadda na ce. Ta ga uwarta a ƙasa da jini a hannu, ta ga tsani a jingine a tsakar gida… Ana buga ƙofa. "Baba! Baba, buɗe mana!" Sakatar a ciki take, ni na sa. Sai na zare hannuna daga ƙarƙashin kanki kafin in buɗe, kuma in ban buɗe ba babu mai taya ni ɗaga ki. Ina zuwa, Auta… ina zuwa. Bari in ɗan zauna tukuna.