Fad Ɗaya

Ƙwallon ta tsallako katanga, ta kifar da kwanon tsakin kaji, ta gangara har bakin ɗakin Mannir ta tsaya. Rumasa'u na durƙushe tana matsar man gyaɗa. Ta ga labule ya motsa, sandar ƙarfe ta leƙo ta ture ƙwallon a hankali, sannan aka turo ƙyaure aka rufe. Yaran da suka biyo abinsu suka ɗauka suka fice sumsum, ko sallama babu.

Bara war haka, da shi ne zai fita da ita a ƙafa, yara na bin sa da ihu. Duk Kebbe babu wanda bai san Mannir a filin ƙwallo ba. Da safe ya yi kabu-kabu da babur, da yamma ya ci raga. Sai ranar da motar hatsi ta haɗa shi da rami a hanyar Tambuwal, aka dawo da shi ba ƙafar hagu daga gwiwa. Abokai sun yi zarya da fari, kowa da ledar lemo. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Ba mugunta ba ce, wallahi. Mutum ya zo ya zauna, ya yi magana a ba shi amsa da ka, gobe ina zai samu ƙarfin dawowa?

Abin da ya fi ci wa Rumasa'u rai shi ne ba ta da bakin lallashi. Mannir ɗan fari ne, ita kuwa gidan da ta fito ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ana yaye shi Goggo Batula, yayar mijinta, ta ɗauke shi ta raina. Ko da yana kwance asibiti, ta taga take leƙensa. In tana da magana, ko yana zaune gabanta, sai ta juya ta ce, "Goggo, ce ma wancan tuwo na sanyi." Shi ma ya dubi bango ya ce, "Goggo, ce mata na ƙoshi." Goggo kuwa ta yi ta mita: "Ni kun maishe ni waya, kuma ba mai sa min kati!"

Sau ɗaya ta ji dariyarsa tun hatsarin. Ɗangiwa ne, abokinsa da bai daina zuwa ba, yake ba shi labarin wani gidan gem a Tambuwal, inda ake buga ƙwallo cikin talabijin. "Fad biyu ne," in ji shi, yana nufin abin nan da ake riƙewa ana dannawa. "Kai da naka, ni da nawa, kowa da kulob nashi. Yara na layi suna biya. Ba ruwan kowa da ƙafa, yatsu ne kawai." Mannir ya yi dariya ya ce ai da ya koya masa hankali.

Rumasa'u ta ƙulle maganar nan a zuciya. Suna da zaure, suna da talabijin, ga solar da maigida Malam Sambo ke cajin waya da ita. In ta sayo injin gem ɗin nan, yara za su cika zauren, wancan ya samu sana'a, ya samu mutane, ya fito daga ɗakin nan. Ta sayar da karsanarta, wadda ta gada wajen uwarta. Malam Sambo ya ce dabbarta ce, Allah ya sa albarka. Ta sa kafinta ya yi dogon benci, ta ce na shanya ne.

* * *

Ranar kasuwar Tambuwal suka shiga shagon ita da Goggo, ƙurar hanya har gira. Fanka na juyawa, talabijin jere a bango duk suna nuna abu ɗaya. Mai shagon, wani saurayi mai fara'a da ake kira Jamaluddeen, ya tashi ya ba su kujera, ya aika a kawo musu ruwan sanyi. Rumasa'u ta ji ya kwanta mata. Yaro mai tarbiyya, ta ce a ranta.

Goggo ce ta yi ciniki, don ita ce mai baki. Aka daidaita a kan inji na hannu mai kyau, da faifan ƙwallo, da fad biyu. Kuɗin karsana ya kai cif, har da ɗan abin mota. Rumasa'u ta fara kwance bakin zane.

"To, Inna, saura aikin da za a yi mishi," in ji Jamaluddeen.

"Wane aiki kuma?" Goggo ta ce. "Ba lafiya lau kac ce shike ba?"

"Lafiya lau shike. Amma wanga ba rediyo ba ne, Goggo. Sai an buɗe shi, an yi mishi saiti, an sa mishi rigakafin bairos. Ga kuma garanti. Kowane da kuɗinshi."

"Mi ne ne bairos?"

"Cuta ce da ke shiga inji ta cinye shi daga ciki. Ba kun taɓa kiwo ba? In kunka sayi dabba, ba a yi mata allura?"

Rumasa'u ta gyaɗa kai. Wannan kam ta sani. Shekarar da ta yi sakaci da allura, awakinta uku suka tafi. Da ya faɗi kuɗin aikin, sai Goggo ta dafe ƙirji ta yi salati, don daidai yake da kuɗin fad ɗaya.

"Tsaya," Goggo ta ce, tana laluben wayarta. "Bari in kira Mannir, ai shi ya san kan abubuwan ga."

Rumasa'u ta cafke mata hannu. Haba! A kira shi a ce masa me? A ce ga uwarka a kasuwa ta sayar da saniyarta saboda kai? Da wane ido za ta dube shi? Shirin da suka yi tun gida shi ne a ce Goggo ce ta saya. In ya ji muryarta a shagon nan, asiri ya tonu, kuma ta san halinsa, cewa zai yi a mayar.

"Kar ki kira," ta ce ƙasa-ƙasa.

Jamaluddeen ya dube ta, ya dubi hannun da ta riƙe Goggo da shi, ya yi murmushi. Ɗan ƙasar ne, ya san abin da ya gani.

"Na ɗan fari ne, ko Inna? Allah sarki. To ni ba na tilasta ki. Amma ki duba, ki kai mishi abu, ya fara jin daɗi, ya saba, sati guda ya mutu a hannunshi. Ni tausayin yaron nika ji."

Bai san da maganar ƙafa ba. Amma da ya sani ma, ba zai sami wurin da ya fi nan zafi ya taɓa ba. Rumasa'u ta ga ƙyauren nan yana rufuwa. Babur ya mutu a hannunsa, ƙwallo ta mutu, yanzu kuma ita da kanta ta kai masa wani abin da zai mutu? Ina!

"A yi mishi dut abin da ya kamata," ta ce. "A cire fad ɗaya. In Allah ya hore, mu dawo."

Ya shiga da injin ɗakin ciki. Ko ruwan da ke hannunsu ba su shanye ba ya fito, an manna wa injin wata takarda mai ƙyalli a ka. Ya ce bayan wata uku a dawo da shi a sabunta rigakafin. Har bakin titi ya rako su, ya tsayar musu da mota. A hanya Rumasa'u ta rungume kwalin a cinya, duk ramin da aka faɗa sai ta ɗaga shi sama kada ya ji jijjiga.

* * *

Goggo ta dire kwalin a bakin ɗakinsa ta ce, "Ga shi nan, na saya maka. Ka fito ka daina ruɓa a ɗaki kamar kabewa."

Mannir ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya ɗaga kai ya dubi turken da ke kusurwar gida, inda igiya ke kwance ba dabba. Rumasa'u ta shige madafa ta hau hura wutar da ke ci da kyau.

Washegari da hantsi ya fito zaure da sandunansa. Ɗangiwa ya haɗa wayoyi, aka jawo bencin shanya. Kafin azahar zauren ya cika da yara har waje, ana ture-ture. Rumasa'u na cikin gida tana jin hayaniyar, tana suyar ƙuli-ƙuli, tana murmushi ita kaɗai har man ya kusa ƙonewa.

Amma daɗin abin ashe a karawa yake. Yaro na son ya ci abokinsa ya yi masa gwalo, ba ya buga da inji ba. Suka tambayi ina ɗaya fad ɗin, aka ce sai nan gaba. Suka yi kallo kwana biyu, suka karɓa suka ɗan taɓa, sannan ɗaya bayan ɗaya suka koma filinsu.

Ranar Juma'a ta kawo fura za ta ajiye a bakin zaure, sai ta ji muryar Ɗangiwa ta bayan ƙofa.

"Wallahi cuta ce tsagwaronta! Goggo ta faɗa min dut abin da anka caje su. Wane buɗewa? Kunna shi kawai ya yi. Saitin ga, harshe ne da agogo, injin da kanshi ke tambaya, yaron goye ma ya iya. Kuma wa ya taɓa sa ma gem rigakafi? Takarda ce ya manna, shi ke nan. Kuɗin fad sukutum! Ka bari in tai Tambuwal in ci mutuncinshi."

"Ba inda za ka," in ji Mannir.

"Don mi?"

"In ka tai, magana za ta dawo gida, ta ji. Karsanarta ce, Ɗangiwa. Kana zaton ban ga turke ba? Gara ta zauna da sanin ta yi daidai."

Rumasa'u ta tsaya da kwano a hannu. Fuskar Jamaluddeen ta dawo mata, da ruwan sanyinsa, da "Allah sarki" ɗinsa. Ba kuɗin ne ya fi ƙona ta ba. Ya duba ya ga inda take son ɗanta, ya sa hannu daidai wurin ya ɗiba. Kuma da ta bar Goggo ta danna waya, da magana ɗaya ta isa.

Da yamma Mannir ya ɗaga murya daga zaure yadda za a ji har madafa. "Goggo! Ce ma wadda ta raka ki kasuwa, aikin da anka yi ma injin ga ya yi kyau. Ko gezau ba ya yi."

Goggo ta juya ta dubi Rumasa'u. Rumasa'u ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

* * *

Bayan kwana biyu Goggo ta tafi Sanyinna suna. Malam Sambo na gona, Ɗangiwa ya fita da babur. Gidan ya yi tsit, sai ihun 'yan kallo da ke fita daga talabijin, dubban mutane na sowa a zauren da mutum ɗaya ke zaune. Daga nesa kuma ana jin yaran unguwa a fili, da ƙwallonsu ta gaske.

Rumasa'u ta kai furar bakin ƙofa kamar kullum. Ta sunkuya za ta ajiye, sai ta hango shi. Yana zaune a ƙarshen dogon bencin, wandonsa naɗe a gwiwa, fad a cinya, ba ya ma dannawa. 'Yan wasan cikin talabijin na tsaye suna jira. Takardar nan mai ƙyalli na nan a kan injin, har ya goge mata ƙura.

Ba ta san lokacin da ta shiga ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta juya fuska wajen ƙofa kamar mai jiran wani. Rabonta da zama kusa da shi haka tun yana shan nono. Tsakaninsu wurin yara biyar ne, ba kowa.

Sannan ta ji wani abu na gogar katako. Ya ɗora fad ɗin a kan benci yana turo shi da yatsa, a hankali, har ya taɓa gefen zanenta. Idonsa na kan bango.

"Goggo," ya ce, "ce mata ta riƙe da hannu biyu. Maɓallin ƙasan ne ake buga ƙwallo da shi."

Rumasa'u ta goge man gyaɗar hannunta a zane, ta ɗauka. Da ɗumin hannunsa a jiki. Ta danna, ɗan mutumin cikin talabijin ya sheƙa da gudu ya fice daga fili da ƙwallon, jama'a suka yi ihu. Mannir ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi.

"Goggo," ta ce, ba ta juyo ba, "ce ma wancan ya daina min dariya, ya nuna min."

Ya matso kaɗan. Hannuwansa na kan gwiwa, babu komai a cikinsu, yatsun suna dannawa su kaɗai.