'Yar Tsanar Kehinde

Ranar Laraba ake fito mana da kwandon tarkace. Misis Odunlami, shugabar gidan tsofaffin da 'ya'yanmu suka ajiye mu a Abeokuta, ita ta ƙirƙiro abin, wai kada yatsunmu su sandare ƙwaƙwalwa ta bi sahu. Sai a zazzage kwandon a kan teburin baranda: robobin ruwa, marafan kwalba, ragowar ƙyallayen tela, kiret ɗin ƙwai. Maza su ja kiret su mai da shi allon wasan ayo, suna zuba marafai a ramuka suna zargin juna da maguɗi. Mu mata a ce mu kitsa tsumma mu yi abin goge ƙafa. Ni Abike, da na tsufa ina sayar da rinannun zannuwan adire a kasuwa, har masu rini suna tsoron idona, ni aka zaunar ina kitsa tsumma. Ina yi dai, amma hannuna ne kawai a wurin. Idona da kunnena suna kan mutane, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

A lokacin nan kowa a gidan yana ɗauke da magana ɗaya a ciki, ban da wadda maganar ta shafa. Kehinde ce, maƙwabciyar ɗakina. Tagwaye ne su, ita da Taye. Duk Lahadi Taye takan zo da alala a ƙunshin ganye, su zauna a benci suna faɗa a kan abin da ya faru tun suna 'yan mata, murya ɗaya, tari ɗaya, har ka rasa wa ke zagin wa. Da damina ta yi nisa Taye ta kwanta, ba ta tashi ba. Morenike, 'yar Kehinde, ta zo ta roƙi shugaba kada a faɗa wa uwarta, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Shugaba ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ja mana kunne. Da ta zo kaina sai da ta maimaita, har da ɗaga yatsa. Abin ya ƙona mini rai, amma na yi shiru.

Larabar da ta biyo baya Kehinde ta ture tsumman da aka ajiye mata. Ta tona kwandon a hankali, kamar mai zaɓen doya, ta ciro wata 'yar ƙaramar roba, ta auna ta a tafin hannu, ta mayar, ta ɗauki wata. Ta sa aka ɗebo mata yashi ta cika ta. Na tambaye ta me za a yi, ta ce in ji da tsummana.

Sati ya zagayo, robar ta yi kai: tsohuwar safa ce ta cusa wa auduga ta ɗaure a wuya. Baba Oyewole, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ba ya rasa ta cewa, ya leƙo daga kan allon ayo ya ce ai 'yar tsana ce za a ba jika. Ni ban yarda ba. Jikokin Kehinde duk sun yi gemu. Kuma wanda zai yi wa yaro abin wasa ba ya ɗinki irin wannan, allura kusa da allura, tana warwarewa tana sakewa. Na ba ta ƙyalle mai kyau daga kwandon, ta ƙi. Washegari na gan ta da almakashi tana yanke bakin zanenta na adire, wanda take ji da shi, irin wanda suka ɗinka iri ɗaya da Taye. Na ce wa kaina ƙila kewa ce kawai.

Sai ta aike ni wajen mai wanki in karɓo mata bula. Na kawo, na tsaya a kanta ban tafi ba. Ta shafa wa kan 'yar tsanar shuɗi. Sannan ta ɗauki baƙin zare ta ɗinka zane uku a kowane kunci, daidai irin tsagar da ke fuskarta. Nan na gane. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san idan ɗaya cikin tagwaye ya riga ɗan'uwansa, akan sassaƙa ɗan mutum-mutumi a madadinsa, a yi masa wanka, a tufatar da shi, a ba shi abinci, don kada ya ji kaɗaici ya janye wanda ya rage. A da masassaƙi ake kai wa aikin. Kehinde ba ta da masassaƙi, sai kwandon Misis Odunlami.

Da safe aka ba mu wake da manja. Ta dangwala yatsa ta shafa a bakin 'yar tsanar kafin ta kai loma bakinta. A gaban kowa ta yi, ba ɓoye-ɓoye.

Kafin azahar shugaba ta kira ni ofis. Ba ta ma tambaya ba, hukunci ta yanke: bakina ne ya kai wa Kehinde labari. Na ce mata ta je ta tambayi Kehinde. Ta ce ba za ta iya ba, don tambayar ma kamar faɗa mata ne. Ta ƙara da cewa Morenike na zuwa Lahadi, kuma a cocinsu irin wannan abu gunki ne, tana gani za ta ɗauke shi ta jefa a wuta. Wannan ya fi zargin damuna. Kehinde ba ta ga gawa ba, ba ta je jana'iza ba, ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Robar nan ce kaɗai ta rage mata.

Amma fa son sani bai bar ni ba. Wa ya faɗa? Na bi mai wanki da dabara, ta rantse. Na titsiye Baba Oyewole, ya ce shi tunda aka ja masa kunne ko gaisuwa a taƙaice yake yi mata. Mai girki ta ce ƙila mafarki ta yi, ai tagwaye ba mutane ba ne kamar mu. Na kusa yarda da ita. Na zauna kusa da Kehinde ina zagaye-zagaye, ina yabon ɗinkin, ina cewa fuskar nan kamar na san ta. Ta dube ni ta gefen ido ta ce in na gama shawagi in miƙo mata zare.

Lahadi bayan coci Morenike ta iso da ledar lemu. Kehinde na benci, 'yar tsanar a cinyarta. Ni kuwa na jawo kujera na zauna inda ba abin da zai wuce ni. Morenike ta durƙusa ta gaishe ta, tana ɗagowa idonta ya sauka a kan shuɗin kai da zanen kunci. Fuskarta ta canza. Ta juyo ta harare ni, ta harari ƙofar ofis.

"Mama, wa ya faɗa miki?"

"Ke mana," in ji Kehinde.

Morenike ta ce ita ba ta faɗi komai ba.

"Kin faɗa. Na tambaye ki ina Taye, kika sunkuyar da kai kika ce ta tafi Legas."

Sai da na dafe baki. Ashe nan maganar take! A wajenmu ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. Cewa ake ya tafi Legas, zai sayo kaya ya dawo. Kakanninmu haka suke faɗa, iyayenmu ma haka. Morenike kuwa a makarantar kwana ta girma, daga nan sai coci da ofis. Ta laluba ƙaryar da za ta fi shiga kunne, ta tuna Taye na da ɗa a Legas, ta ɗauko ta. A cikin duk garuruwan duniya, wannan ta zaɓa.

Kehinde ta ci gaba, tana gyara wa 'yar tsanar ɗaurin zane. Ta ce ranar ta ji daɗi a cikin baƙin cikinta. Ta ce a ranta, ashe yarinyar nan ta san abin da ya kamata, ta kawo mata labarin yadda ake kawo shi, ba ta jefe ta da shi ba. Har ta gaya wa Taye, ta ce ga 'yarmu ta yi hankali.

Morenike ta kawar da kai. Kehinde ta daɗe tana kallonta, ina ganin abin yana sauka a fuskarta a hankali.

"Au. Ba ki sani ba," in ji ta. "Ashe ba faɗa mini kika yi ba. Ɓoye mini kika yi."

"Mama, tsoro na ji. Likita ya ce zuciyarki..."

"Cikinmu ɗaya da ita, Morenike. Kina ganin sai an aiko?"

Na zaci nan Morenike za ta kawo maganar gunki. Hannunta ma ya miƙa wajen 'yar tsanar. Kehinde ba ta janye ba, ita da kanta ta ɗora mata ita a tafin hannu, ta riƙe hannun da nata biyu.

"To yanzu faɗa mini. Ki faɗa da irin bakinku na yanzu, in ji."

Har masu ayo sun tsaya da marafai a hannu. Morenike ta dubi fuskar safa mai zane uku, ta dubi ta uwarta. Sannan ta ce, "Mama, Anti Taye ta rasu."

Tun da abin ya faru ban ga hawaye a idon Kehinde ba. Ta yi ɗinki, ta yi shafa, ta ci wakenta, har tsokanata tana yi. Na ɗauka ƙarfin hali ne. Sai da na ji kukan da ya fito daga ƙirjinta na gane dalili, ni ma nawa suka zubo ban shirya ba. Wanda ya tafi Legas ana sa ran dawowarsa.

Morenike ta zauna a ƙasa, ta jingina kai da gwiwar uwarta, 'yar tsanar na hannunta ba ta ajiye ba.