Kiran Gudale

"Ke, Sharifa! Kada ki taɓa!"

Saura kaɗan in ture kwamfutata da na yi tsalle na fizge wayar daga hannunta. Yatsanta na daidai wurin da aka rubuta a yi wa katin memori fomat. Da ta danna, da shi ke nan, wayar ta share komai.

"To mi zan yi, Yaya Kamilu? Ita tac ce katin ya lalace."

Sharifa 'yar maƙwabcina ce, Baba Namadi. Katanga ɗaya ta raba mu a Tambuwal, shagona na gyaran waya kuma na bakin layinmu. Kwana tara ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya rufe. Shi kuwa, in ka cire 'ya'yansa, babu abin da yake ji da shi kamar saniyarsa Gudale. Da damina ta faɗi ya kai ta kiwo wurin ƙanensa Atiku, a wani ƙauye kusa da Kebbe, amma ba ya mako bai hau babur ya je ya gan ta ba. Da ta daina ganinsa sai ta tsinke igiya ta faɗa daji da maraƙinta. Kowa ya matso sai ta ɗaga wutsiya. Manoma sun rantse in ta ƙara shiga musu dawa za su sare ta. Wani mai dogon baki ya faɗi wannan a gaban Baba, kuma tun ranar ya daina karɓar kunu. Sai dai ya riƙa nuna turkenta da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba.

Kiran Baba kaɗai Gudale ke amsawa. Bara kuwa Sharifa ta ɗauki muryarsa a waya yana kiran, don tsokana. Wannan muryar muke nema a cikin katin.

"Ina kika aje katin nan ya yi tsatsa haka?"

"Cikin gwangwanin goron Inna, don kada shi ɓace."

"Goron da ake yayyafa ma ruwa kullum?"

"Ai na goge shi da toka."

Na riƙe kai. Toka! Idonta ya riga ya kawo ruwa.

Na soka katin a kwamfuta. Ta gan shi, ta ƙi buɗe shi. Na ce wa Sharifa kayan na nan ciki, lissafin da ke nuna inda aka ajiye kowanne ne ya ruɓe. Kati mai mutuwa kuma ba a wahalar da shi da bincike, don kowane karatu na iya zama na ƙarshe. Sai an kwafe shi ɗungurungum, mai kyau da marar kyau, sannan a yi tonon a cikin kwafin.

Lambar kwafin ta fara hawa, ta nufi ɗari. Goma, ashirin, arba'in. Katin ya ɗauki zafi, Sharifa ta ɗauko faifai tana yi masa fifita kamar mai hura gawayi. A sittin da ɗaya ya ɓace ɓat. Na zare shi, na bari ya huce, na mayar, muka ci gaba daga inda muka tsaya. A karo na uku ya kai casa'in da huɗu, ya mutu, bai sake motsi ba har yau.

"Saura shidan fa?" in ji Sharifa.

"Ki yi addu'a kada Baba shi zan cikin su."

Na saki manhajar tono a kan kwafin. Ta fito da fayil ɗari huɗu da goma sha biyu, babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Muka shiga saurare ɗaya bayan ɗaya. Wa'azi, waƙar biki, kukan jaririn wata, wa'azi kuma. Kafin hantsi ya yi zafi shagon ya cika, har telan layinmu ya bar kekensa ya zo yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Na danna na ɗari biyu da ɗoriya.

"Hoooi! Gudale, hoi, hoi! Taho nan, 'yar nema!"

Wayyo! Shago ya kaure. Sharifa ta zube ƙasa tana kuka tana dariya, tela ya rungume ni har hulata ta faɗi. Na tsayar da kiran nan take, ban ko jira ƙarshensa ba, na tura a waya uku.

Muka ari lasifikar mai tallan maganin basir, muka hau a-kori-kurar wani abokina sai Kebbe. Bayan azahar Atiku ya kai mu bakin dajin.

"Nan munka gan ta jiya," ya ce. "Amma ni ban ga yadda waya za ta kira saniya ba."

Na ƙure murya na saki. Kiran Baba ya ratsa daji. Shiru. Na mayar farko. Shiru, Atiku na kallona. A na uku sai muka ji kuka daga nesa, sabara ta fara motsi, ga Gudale a guje, tozo na rawa, maraƙi na biye. Atiku ya yar da sanda yana kabbara. Ta zagaye motar sau biyu tana neman mai muryar, ta shinshina lasifikar, ta dube mu. Da na mayar da lasifikar cikin bayan mota, da kanta ta taka katakon da muka jingina ta hau, maraƙin na biye.

La'asar sakaliya muka shiga gida. Aka fito da Baba a kan tabarma. Gudale ta nufe shi kai tsaye ta ɗora hancinta a ƙirjinsa, shi kuma ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya kama kunnenta. Ranar ya sha rabin kofin kunu. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar wannan yammacin ba.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, da yamma, na shiga yi wa matan gida gaisuwa. Na tarar da Sharifa tsugune da ƙwarya, Gudale ta hana nono, sai harbi take. Sharifa ta ciro waya ta kunna kiran, ta ajiye a kan turmi. Saniyar ta tsaya cak, nono ya fara zuba. Hannunta duka biyu na aiki, don haka babu wanda ya tsayar da shi a inda muka saba. Kiran ya ƙare, aka ji iska, sai dariyar Baba.

"Ke Sharifa, mi kika yi nan? Aje wanga abu ki zo ki riƙa min maraƙi."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta tashi ta je ta kama igiyar maraƙin, ta tsaya riƙe da ita.