Matakala Bakwai Kafin Lilo

Tana durƙushe a ƙofar banɗakin filin wasan yara, tef ɗin awo a hannu, sai mai shara ta tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, riga za ki ɗinka wa ƙofar?"

"Keken 'yata nake so ya shige," in ji telar, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ƙofa inci ashirin da shida, keken guragun ashirin da biyar. Zai shiga, amma da ƙyar. Ta rubuta a bayan littafin awonta, ta miƙe.

Tun safe ta rufe shago, ta bar ɗinkin mutane a kan tebur. Gobe za ta kawo yaranta biyu nan, karo na farko. Babbar, wadda ake kira Lauya saboda gardama, shekararta goma sha uku, ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba. Shi kuwa Auta ƙafa lafiya lau, amma ƙara kaɗan sai ya toshe kunne ya zube yana ihu. Wata uku Lauya na naci a kan abu ɗaya: ƙaton lilon nan mai juyawa, wanda take hangowa ta tagar asibiti.

Telar ta zaga ko'ina da sauri. Ta lura da inda aka kafa lasifika, ta samo wa Auta wata inuwa can nesa da kiɗa. Waya ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Na ce miki a bari sai bayana ya warke."

"Bara ma haka ka ce, Baban Lauya."

"To wa zai ɗauke ta?"

"Ina zuwa," ta ce, ta mayar da wayar jaka.

A gindin lilon ta ja ta tsaya. Matakalar ƙarfe, guda bakwai. Wani dattijo mai usur a wuya ne ke kula da injin.

"Baba, babu wata hanyar hawa?"

"Babu, 'yata. Tun ina da baƙin gashi ake cewa za a yi gangara."

"In na goyo ta fa?"

Ya dube ta sama da ƙasa, 'yar siririya da ita. "Zan tsayar da shi har ku zauna. Amma can sama yana girgiza. Kin taɓa hawa?"

Ita da ko kujera ba ta iya takawa ta canza ƙwan lantarki! Sai dai dole ta san ko bel ɗin zai riƙe yarinyar da bayanta ba ya riƙe kansa. Ta hau. Dattijon ya ɗaure ta, ya busa usur. Ƙasa ta fara guduwa, iska ta cika mata mayafi, ta runtse ido tana jero duk addu'ar da ta zo bakinta. Bel ɗin bai ko motsa ba. Da ta sauko, ta ɗan zauna a matakalar ƙarshe.

A gida ta tarar da maigidan kwance a ƙasa da filo a bayansa, Auta na jera cokula a layi. Lauya ta turo kekenta har bakin ƙofa.

"Guda nawa ne?"

"Me?"

"Matakalar mana, Umma. Na san su kika je ƙirgawa."

"Bakwai. Har hawa na yi."

"Ke? Lilon?" Lauya ta zaro ido. "Me ake gani daga sama?"

"Ina na sani? Idona a rufe yake."

Lauya ta yi dariya har da tari. Uban ma ya dafe baya yana cewa a tausaya masa.

"Shi ke nan, Umma. Gobe ki rufe abinki, ni zan riƙa gaya miki."

Telar ta juya. Ta wuce ɗaki, ta buɗe akwati, tana jan zannuwanta ɗaya bayan ɗaya don ta ji wanne ya fi ƙwarin goyo.