Littafin Hura Wuta

Tode bai sake buɗe littafi ba tun da ya bar makaranta a aji huɗu, kuma bai ɗauki hakan abin kunya ba. Babbar mota ya tuƙa har ya tsufa. Ya gina gida a bakin garin Strumitsa, ya aurar da 'ya'ya. Duk wanda ya taɓa zama da shi a shagon gahawa ya san ra'ayinsa: karatun labari aikin malalata ne. Ya fi ɗaga murya in maƙwabcinsa Malam Blagoya yana kusa, tsohon malamin makaranta wanda ko a layin burodi ba ya rabuwa da littafi.

"Malam, yau wa ya rasu a takarda?" Haka yake gaishe shi ta kan shinge. "A yi mini ta'aziyya."

Kaka ta yi, lokacin aibar ya zo, wato miyar tattasai mai kauri da ake ɗurawa a kwalabe don hunturu. Kowane gida ya fito da murhun ƙarfe, unguwa ta gume da ƙamshin tattasai. A gasa, a ɓare, a niƙa, a zuba a babbar tukunya da mai, a yi ta juyawa. Gidan Tode buhu-buhu suka sayo, don 'ya'yansu da ke Jamus ba sa komawa sai da kwalabe cike da bayan mota.

Da aka rufe ɗakin karatun tsohuwar masana'antar taba, Tode ya kwaso buhun littattafai don hura wuta. Yawancinsu danshi ya cinye. Ɗaya ne ya tsira a bushe, ƙato, ba bango, ba suna. Matarsa Ilinka ta yaba takardarsa, wai da ƙyasta ashana take kamawa. Ta baya take yaga, don nan ɗinkin ya saki.

Ran nan Tode ya shiga rumfar itace, bayansa ya riƙe, ya zauna kan kututture. Littafin yana gefe. Idonsa ya sauka kan layin farko. Wai alfadari ya tsaya a bakin gada, an yi duka an yi lallashi, ya ƙi takawa.

"Dabbar ta fi ku hankali," in ji Tode. "Gadar ce ba lafiya."

Ya ciro tabarau don ya ga ko ya yi gaskiya. Ya yi gaskiya kuwa, gadar ta rufta. Ya juya shafi.

Labarin ayarin gishiri ne da ke ƙetare duwatsu kafin ƙanƙara ta rufe hanya. A cikinsu akwai maci amana, yana yanke igiyoyi a ɓoye, kaya na faɗawa kwazazzabo. Ko mai dafa abinci ne, ko ƙanin madugu, ko wani baƙo da suka tsinta a hanya. Tode yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Da wuya da farko, kamar tayar da mota da sanyin safiya. Can sai inji ya kama. Sai da Ilinka ta ƙwala masa kira ya tuna itace ya zo ɗauka.

Washegari ya dawo, ya ga littafin ya rame.

Nan hankalinsa ya tashi. Shi yana ci ta gaba a hankali, ita tana ci ta baya da gaggawa. Ƙarshen ya riga ya zama toka, wannan ya haƙura. Fatansa ɗaya, a kama maci amanar kafin takarda ta ƙare. Magana ɗaya ce za ta tsayar da Ilinka, amma maganar ta fi ƙarfin bakinsa. In ta sani, matar Malam ta sani. In matar Malam ta sani, shagon gahawa ya sani.

Sai ya bi ta bayan gida.

"Gobe ni zan hura wuta."

"Kai?" Ilinka ta dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, ka san ma inda ashana take a gidan nan?"

Ya kawo mata tsoffin jaridu. Ta ce sun yi daidai da naɗe kwalabe. Ya tura littafin ƙarƙashin itace. Da safe ta zaƙulo shi, ta karkaɗe.

"Ɓerayen gidan nan ma sun fara karatu," in ji ta.

Tode ya ƙara wa kansa zuwa rumfa. Ilinka ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ɗauko itace biyu ke cinye wa hantsi ba. Ya ce bayansa ne.

Ranar babbar tukunya, Malam Blagoya da matarsa Donka suka shigo taya ɓara, kamar yadda aka saba. Muciya a hannun Tode. Mai juya aibar ba ya tashi, ba ya ko sosa kai. In ya tsaya ƙasa ta kama, tukunya duka ta yi ɗaci, aikin mako ya tafi. A littafi kuwa, jiya ya tsaya daidai inda madugu ya tara kowa ya ce a fito da wuƙaƙe a duba. Abin da ya rage gaba bai kai kaurin yatsa ba.

Itacen ranar ɗanye ne. Wuta ta fara lumshewa. Ilinka ta shiga rumfa ta fito da littafin, ta durƙusa gaban murhu, ta lashi ɗan yatsa, ta kamo shafuka da yawa.

Tode ya dubi tukunya. Ya dubi hannunta.

"Ajiye!"

Donka ta saki tattasan da ke hannunta.

"In ajiye me?"

"Littafin. Ajiye shi."

"Wuta za ta mutu, Tode."

"Ta mutu. Ki sa rigata in kin ga dama. Ban kai nan ba."

Tukunya na ta ɓulɓula. Malam Blagoya ya cire tabarau, ya goge a hankali, ya mayar.

"Maƙwabci," in ji shi, "wa ya rasu? Mu yi maka ta'aziyya."

Donka ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Fuskar Tode ta yi ja kamar abin da yake juyawa, amma muciya ba ta tsaya ba.

"Ba wanda ya rasu tukuna," ya ce. "Igiyoyi ake yankewa. Ina so in san ɗan banzan da ke yi. Shi ke nan. Ku yi dariyarku."

Ilinka ta zauna daɓas a ƙasa.

"Au! Laifinsa ke nan? Igiya?"

"Laifin wa?"

"Wanda suka kama mana. Kwana da kwanaki ina tausayinsa, ashe mugu ne."

Tode ya kusa sakin muciya. "Ke kina karantawa?"

"To in yi me? Wuta ba ta gama kamawa nan take, in zauna ina ƙirga hayaƙi? Kafin in sa, sai in duba. Amma ta baya abin ba ya tafiya daidai. Jiya na binne mutum, yau na tarar da shi yana shan miya."

Har Tode sai da gashin bakinsa ya motsa.

"Ciniki ya faɗa," in ji Ilinka. "Ka ba ni farko, in ba ka ƙarshe. Nan, gaban kowa. Donka, miƙo kwandon can mu tura a wuta, ya tsufa dama."

Tode ba mai dogon zance ba ne. Ya fara a taƙaice, da alfadari da gada. Sai ya ga Donka ta daina ɓara tana kallonsa. Ya ƙara. Ya kwatanta hawan dutsen yadda direba zai kwatanta, inda ake sassautawa, inda ba a kallon ƙasa. Ya yi muryar madugu. Ya yi ta baƙon. Donka ta ce ƙanin ne, ƙanne ba su da amana, ita ta sani, tana da biyu. Tode ya ce mai dafa abinci ne, duk wanda ba ya cin girkinsa abin tuhuma ne. Ilinka ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Aibar ya yi kauri, mai ya taso, Tode bai san hannunsa ya gaji ba.

"To, naka ya ƙare," in ji Ilinka. "Wanda suka kama shi ne..."

"Rufe bakinki!"

"Ikon Allah! Ba shi kake nema ba?"

"Ba a bakinki ba. Ke labari in ya bi ta hannunki ba ya da gishiri. Da idona nake so."

"To sai ka tono toka."

Malam Blagoya ya yi gyaran murya. "Ba sai an tono ba. Tun daga alfadarin na gane littafin. Yana ɗakina, kanta ta sama, mai koren bango. Na biyun yana gefensa."

Tode ya juyo gaba ɗaya. "Akwai na biyu?"

"Da na uku. Amma aikin malalata ne, ban sani ba ko za ka iya."

Saura kaɗan a sauke tukunya. Kowa a unguwar ya san wanda ya ƙarasa juyi shi ke siɗe tukunya da burodi mai zafi, kuma tun da aka kafa gidan nan Tode bai taɓa bar wa kowa wannan ba. Ya dubi tukunyar. Ya miƙa wa Malam muciya.

"Riƙe. Har ƙasa za ka riƙa kaiwa. In ka tsaya, ni da kai ne."

"Tsoho, wanke hannu!" Ilinka ta ƙwala masa da ta ga ya nufi gidan Malam. "Littafin mutane ne!"

Ya dawo, ya wanke, har da sabulu. Sannan ya ƙetare shinge.